Yawon keke a ƙasar waje: a tafi da keke, a saya a can, ko a yi haya?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce gare ni ga waɗanda suka san harkar. Mutumin da yake son ya yi kwana bakwai zuwa goma yana yawon keke a Turai, tafiya a hankali daga gari zuwa gari, babu tsere babu hawan duwatsu, wanne ya fi masa: ya tafi da kekensa a jirgin sama, ya saya idan ya sauka, ko ya yi haya? Kuma wace hanya ce ta dace da wanda bai taɓa irin wannan tafiya ba?

Hajiya Mai Taswira:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce za ta amsa maka ta farko. Hanya mai sauƙi abu uku take haɗawa: ta bi kogi ko gefen tafki don kada a sha hawa, ta rabu da titin motoci, kuma jirgin ƙasa ya kasance kusa da ita don ranar da gwiwa ta gaza ko ruwa ya tsuge.

Wadda aka fi fara koyo da ita ita ce ta kogin Danube, daga Passau a Jamus zuwa Viyana a Ostiriya. Kusan kilomita 320 ce, yawancinta kwalta, kuma yanki ce ta babbar hanyar EuroVelo 6 da ta taso daga gaɓar tekun Atlantika a Faransa ta dire a Bahar Aswad. A bi ta daga Passau zuwa Viyana, kada a juya ta. Kogin gangarawa yake ta wannan fuskar, iska kuma ta fi tasowa daga yamma, sai ta riƙa tura ka ta baya. Kwana shida sun isa: ka ratsa Linz, ka kai Melk, ka bi kwarin Wachau zuwa Krems, ka shiga Viyana. A wurare da dama akwai hanya a gaɓa biyu, da ƙananan jiragen fito masu tsallakar da mai keke.

A irin wannan hanya, kwana goma ko ƙasa da haka, haya ta fi. Akwai masu ba ka keke a Passau su karɓi abinsu a Viyana, wasu har su riƙa kai maka jaka daga masauki zuwa masauki.

Malam Mai Sifana:
Hajiya, hanyar da kika zaɓa babu ja a kanta, amma batun haya ina da magana. Keken haya an yi shi ne don ya ɗauki kowa, saboda haka bai zauna wa kowa daidai ba. Awa huɗu ko biyar a kan sirdin da jiki bai saba da shi ba, rana ta farko lafiya, rana ta uku mutum ba ya iya zama. Wanda yake da keken da ya saba da shi, ya tafi da abinsa. Ɗaure shi ba wani aiki ne mai wuya ba idan an bi a hankali.

A nemo kwalin da sababbin kekuna suke zuwa a ciki, wajen masu sayar da keke. Tsawonsa kusan santimita 140 ne, tsayinsa 75 zuwa 80, kaurinsa 20 zuwa 25. Kafin a taɓa komai a naɗa salatif a sandar sirdi daidai inda ta shiga bodi, don a mayar da ita inda take. Sai a sa sarƙa a babban haƙorin gaba, don haƙoran kada su huda kwali ko su lanƙwashe.

Feda ita ce take fara ba mutane wahala. Ana kwance ta da sifana mai lamba 15, ko alanki mai lamba 6 ko 8 ta bayan hannun feda. Ta dama tana kwancewa kamar kowane noti. Ta hagu zarenta a baibai yake, sai an juya ta yadda hannun agogo yake tafiya take saki. Wanda bai san haka ba ƙara ɗaure ta yake yi yana zaton kwancewa yake, har ya cinye zaren. A gwada kwance ta tun mako guda kafin tafiya, domin fedar da ta shekara ba giris takan kafe, kuma daren tafiya ba lokacin neman makanike ba ne.

Daga nan a cire wilin gaba, a zare sandar da ta ratsa tsakiyarsa a ajiye a jakar kayan aiki. Tsakanin ƙafafun fok a sa robar da take zuwa da sabon keke, ko guntun katako mai milimita 100, in ba haka ba da zarar an ɗora kaya a kan kwalin ƙafafun za su matse. Kan keke a kwance shi daga wuyansa da alanki mai lamba 4 ko 5, a kwantar da shi a jikin bodi a ɗaure, ba tare da an cire wayoyin birki da na giya ba.

Baba Feda:
Malam ya tsallake abin da ya fi komai lalacewa, wato na'urar canja giya ta baya. Tana rataye ne a jikin wani ɗan ƙarfe mai laushi da aka yi shi da gangan don ya lanƙwashe kafin bodi ya lanƙwashe. Bugu ɗaya a gefen kwali ya ishe shi. Idan ya karkata, giya ta riƙa tsalle, kuma a giya mafi sauƙi na'urar tana iya faɗawa cikin sifok ta karye. A kwance ta da alanki mai lamba 5, a naɗe ta da tsumma, a ɗaure a cikin bodi tana haɗe da sarƙarta. Kuma a tafi da irin wannan ɗan maratayi guda ɗaya na ajiya, domin kowane bodi da irin nasa, shagon ƙauye ba lallai ya ajiye naka ba.

Malam Mai Sifana:
Gaskiyarka Baba. A ƙara da wannan ga masu birkin faifai mai aiki da mai: idan an cire wili, a cusa robar raba takalman birki, ko kwali mai kauri da aka ninka. Idan hannun birki ya matsu ba faifai a tsakani, takalman sai su haɗe, wili ya ƙi komawa. Faifan ma gara a cire shi a sa tsakanin kwali biyu. Mai ƙusa shida da makullin tauraro T25 ake kwance shi. Kada hannu mai maiƙo ya taɓa shi, birki zai riƙa kuka kuma ya rage kamu.

Ɗan Tasha:
Bari in shigo ta ɓangaren jirgi, domin a nan lissafin Malam yake iya rushewa. Kamfanonin jiragen sama ba su da doka ɗaya a kan keke. Wasu suna lissafa shi cikin jakarka ta kilo 23, wasu suna karɓar kuɗin kayan wasanni daban a zuwa da dawowa, kuma da yawansu sai an sanar da su tun kafin ranar tafiya. Kilo 32 shi ne iyakar abin da ake karɓa a ƙunshi ɗaya. Keken yawo mai kariyar ɗaukar kaya da madugadi yana kai kilo 14 ko 15, kwali ya ƙara uku ko huɗu, ka ga saura kaɗan a taɓa 23. Kada a cika kwalin da tufafi.

A karanta dokar kamfanin da zai tuƙa jirgin, ba na wanda ya sayar da tikiti kawai ba. Idan tafiyar ta haɗa kamfani biyu, a duba na kowanne. A bar aƙalla awa biyu a inda za a canja jirgi, domin babban kaya da hannu ake ɗaukarsa, shi ne yake fara makara. A wurin sauka kuma ba ya fitowa a bel ɗin jakunkuna, akwai ƙofar manyan kaya daban.

A ɗauki hoton keken kafin a rufe kwali. Idan ya iso da ɓarna, a cika takardar rahoto tun ba a fita daga zauren kaya ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba da kwana 7 a shigar da ƙorafi a rubuce kan kayan da suka lalace, kwana 21 kan waɗanda suka makara, kuma diyyar tana da iyaka. Keke mai tsada yana bukatar inshorarsa daban.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai. Na ji ana cewa dole a sace iskar taya gaba ɗaya don kada ta fashe a sama. Haka ne? Keke mai batir kuma fa?

Ɗan Tasha:
Taya ba za ta fashe ba. Ɗakin kaya na jirgin fasinja a matse yake da iska, kuma ko babu iska sam bambancin bai kai psi 15 a ma'aunin iskar taya ba. Amma tunda ma'aikata suna tambaya, a rage ta rabi. Kada a sace duka, iskar da ta rage ita take kare bakin rim daga bugu.

Keke mai batir kuwa ka cire rai. Batirin litiyam da yawan wutar da yake ɗauka ya wuce Wh 160 ba ya shiga jirgin fasinja, a hannu ko a ɗakin kaya, na keke kuma yawanci daga 400 yake farawa zuwa 750. Mai son irinsa sai haya. A ƙasashen Tarayyar Turai wanda ake lissafawa a matsayin keke shi ne mai injin wat 250 da yake daina taimako a gudun kilomita 25 a awa. Ƙananan kwalaben iskar gas na hura taya ma a bar su a gida, dokarsu ta bambanta daga fili zuwa fili, ƙaramin famfon hannu ya wadatar.

Hajiya Mai Taswira:
To Malam, ka ga abin da nake gudu. Duk wannan aiki saboda kwana shida a kan hanya shimfiɗaɗɗiya. Ga kuma matsalar da ba a ambata ba: wanda ya fara a Passau ya ƙare a Viyana, ina kwalinsa? Akwati mai tauri na keke ya fi kwali kariya, amma ba ya bin ka a hanya, dole ka koma inda ka bar shi.

Ciwon sirdin da ka faɗa gaskiya ne, kuma maganinsa yana shiga jaka. Mutum ya kwance sirdinsa da fedarsa ya tafi da su, a ɗaura masa a keken haya. Ya auna nisan da ke tsakanin tsakiyar hannun feda da saman sirdi a kekensa na gida, da nisan hancin sirdi zuwa kan keke, ya rubuta a takarda. Minti goma sun isa a daidaita na haya a kan waɗannan lambobi.

Malam Mai Sifana:
Na yarda da wannan, ga tafiyar da ba ta wuce kwana goma ba. Daga mako uku zuwa sama kuɗin haya yana taruwa har ya wuce na jirgi, a nan nawa ra'ayin yana nan. Amma mai karɓar keken haya kada ya hau ya tafi kawai. Ya ɗaga kowane wili ya juya ya ga ko yana rawa ko yana gogar birki. Ya matse birkin gaba ya tura keken gaba da baya, idan ya ji ƙwas-ƙwas a wuya to a sake yake. Ya bi giya ɗaya bayan ɗaya a cikin farfajiya. Ya tambayi wanda zai kira idan abu ya karye a hanya, da abin da zai biya idan an sace.

Sannan ya gane wane hannu ne birkin gaba. A Birtaniya hannun dama ne, a yawancin sauran Turai da Amurka hannun hagu ne. Wanda ya damƙe na gaba da ƙarfi a gangara yana zaton na baya ne, ta kan keken zai wuntsila. Kekunan gari na Holan da yawa ma da feda ake taka musu birki, a juya ta baya.

Baba Feda:
Ba a yi maganar saye ba, kuma yana da wurinsa: tafiyar wata guda ko fiye, ko wanda dama yana son sabon keke. Sabo daga babban shago irin Decathlon ya fi kwanciyar hankali, amma a ware kwana biyu a garin farko, domin girman da kake so ba lallai yana nan a haɗe ba, sabbin wayoyin giya kuma sukan saki bayan kwanakin farko sai an sake ɗaure su. Wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba zai iya neman a mayar masa da harajin saye idan zai fita da keken cikin wata uku, kashi 19 cikin ɗari ne a Jamus, 20 a Faransa, ko da yake masu shiga tsakani suna cire nasu. Sai an karɓi takardar a shagon, jami'an kwastan sun tabbatar da ita a wurin fita. Birtaniya ta daina wannan tsari tun farkon 2021.

Na hannu ya fi araha, haɗarinsa shi ne kayan sata. A saya a shago mai ba da rasit da lambar bodi a rubuce. Lambar tana ƙarƙashin inda hannun feda ya ratsa. A Faransa tun 2021 doka ta sa a yi wa kekunan da shaguna suke sayarwa lambar shaida mai rajista. A auna sarƙa: daga ƙusa ɗaya zuwa ta 24 a gabanta inci 12 ne cif a sabuwa. Idan ta ƙaru da kashi ɗaya cikin 16 na inci ta kai canji, idan ta kai ɗaya cikin 8 to ta riga ta cinye haƙoran baya, kuɗin gyara ya ninka. Kuma mai niyyar sayarwa a ƙarshen tafiya ya sani cewa mai gaggawa ba ya samun farashi.

Wani abu da yake ruɗa mutane: girman taya. A manta da inci, a karanta lambar da ke gefen taya, misali 37-622. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu faɗin da'irar rim daga baki zuwa baki ta tsakiya, duka a milimita. Abin da ake kira inci 28 yana iya zama 622, yana iya zama 635 a tsofaffin kekunan Holan, kuma ba sa shiga juna. Bawul ma iri uku ne: siriri, irin na mota, da Dunlop da ya yawaita a Holan, Jamus da Japan. A tabbata famfo da tiyub na ajiya sun dace da wanda ke jikin keken.

Sabon Shiga:
Hajiya, in ban da Danube fa? Kuma kilomita nawa ya kamata a sa a rana?

Hajiya Mai Taswira:
Zagayen tafkin Bodensee kusan kilomita 260 ne, ya ratsa Jamus, Ostiriya da Siwizalan. Amfaninsa inda ka fara nan za ka ƙare, saboda haka ya dace da mai akwati, kuma jiragen ruwa suna yanke maka hanya idan ka gaji. A Faransa akwai hanyar kogin Loire, kusan kilomita 900, ba a cewa sai an yi duka, tsakanin Orléans da Angers ya isa mako guda. Holan da arewacin Beljiyam suna da tsarin lambobin mahaɗa, wanda wani injiniyan ma'adinai Hugo Bollen ya ƙirƙiro a lardin Limburg na Beljiyam, aka fara aiki da shi a 1995. Kowace mahaɗa da lambarta, sai ka rubuta jerin lambobinka a takarda ka manna a kan keke, ka riƙa bin alama daga wannan zuwa waccan. Can babu tudu, amma iskar gaba tana gajiyarwa kamar tudu, a duba inda take kaɗawa kafin a tsara rana. Mai zuwa Japan kuma, Shimanami Kaido kusan kilomita 70 ce daga Onomichi zuwa Imabari, a kan gadoji ta tsibirai shida, da shuɗin layi a gefen titi yana nuna hanya, ana haya a wannan bakin a ajiye a wancan.

Lissafin rana: mai kaya a keke yana yin kilomita 12 zuwa 15 a awa idan an haɗa da 'yan tsaye-tsaye. Kilomita 48 zuwa 60 ke nan a awa huɗu. Ranar farko a sa 30, domin karɓar keke da fita daga cikin gari suna cin safiya. Bayan kwana uku a sa rana mai sauƙi. Kada a dubi nisa kawai a manhajar taswira irin Komoot, a dubi jimlar hawa da irin ƙasar hanyar. Kilomita 50 da hawan mita 150 wasa ne, kilomita 50 da hawan mita 700 wata tafiya ce daban. A sauke taswirar a waya tun a masauki don inda babu intanet. Mayu, Yuni da Satumba sun fi daɗi a Turai, Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoso, masauki sai an kama da wuri. A Jamus da maƙwabtanta alamar Bett+Bike tana nufin suna karɓar mai kwana ɗaya kuma suna da wurin kulle keke.

Ɗan Tasha:
Tunda jirgin ƙasa ne madogara, a san dokarsa. A Jamus jiragen nesa, IC da ICE masu ɗaukar keke, sai da tikitin keke da wurin da aka kama tun da wuri, kuma wuraren kaɗan ne, samfurin ICE 4 takwas kawai gare shi. Jiragen yanki ba sa bukatar kamu, amma idan wuri ya cika sai ka jira na gaba. A Holan ba a shiga da keke ranakun aiki daga 6:30 zuwa 9:00 na safe da 4:00 zuwa 6:30 na yamma, ban da Yuli da Agusta. A Japan sai an kwance shi an sa a jaka ta rufe shi ruf. Keke mai naɗewa ya tsallake yawancin waɗannan, a matsayin jaka ake ɗaukarsa.

Mai neman bizar Schengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ya tuna inshorar lafiyar da ake nema sai ta kai Yuro 30,000, ya kuma karanta ko ta haɗa da yawon keke na kwanaki.

Baba Feda:
Dokar titi a taƙaice. Birtaniya, Ayalan, Malta, Cyprus da Japan hagu ake bi, sauran Turai dama. Hular kwano dole ce ga kowa a New Zealand da kusan duk Ostireliya, dole ce a wajen gari a Sifaniya, a Faransa da Ostiriya kuma ga yara 'yan ƙasa da shekara 12. Jamus tana son farar fitila a gaba, ja a baya, da ƙararrawa. Faransa ta hana sa abin sauraro a kunne a kan keke, Holan ta hana riƙe waya a hannu tun Yulin 2019. A biranen da ke da taragon titi irin Viyana da Amsterdam, a tsallaka layin dogo a gicciye, idan aka bi shi a karkace taya faɗawa take cikin ramin.

Malam Mai Sifana:
Kayan aiki kada su wuce tiyub biyu, faci da sholisho, robobin cire taya, famfo, tarin alanki, mahaɗin sarƙa na gaggawa daidai da yawan giyarka, da ɗan man sarƙa. Duka a kwalin keke ko jakar ɗakin kaya, domin masu bincike suna ƙwace ƙarafa a jakar hannu. Kaya a jakunkuna biyu na gefen kariya, kilo 10 zuwa 12, masu nauyi a ƙasa. Jakar goyo tana kashe kafaɗa kuma tana ƙara nauyi a kan sirdi. Ƙusoshin kariya da na madugadi a taɓa su da alanki kowace safiya biyu, girgiza tana kwance su.

Wanda ya ɗauki shawarata ya tafi da nasa a kwali, ya yar da kwalin a inda ya sauka, ya rubuta wa shagon keke a garin ƙarshe tun mako biyu kafin isowarsa su ajiye masa wani, ya faɗa musu girman wilinsa. Robar fok, robar birki da salatif guda ya riƙe su a ƙasan jaka har ƙarshen tafiya, ya kuma kwana biyu a garin ƙarshe: ɗaya na ɗauri, ɗaya na neman motar da kwalin zai shiga zuwa filin jirgi.